Wai me ya haɗa ruwan sama da karnuka da maguna? Fashin baƙi kan asalin salon maganar Turanci

Tambaya biyu ce ta sa na zauna rubuta wannan abu. Ta farko, me ya sa Bature zai buɗe baki ya ce maka ana ruwan karnuka da maguna alhali ruwa mai ƙarfi yake nufi, ko ya ce ka je ka karya ƙafa alhali wai fatan alheri yake maka? Ta biyu kuma, wacce ta fi ci min tuwo a ƙwarya, waɗannan labaran da ake ta turawa a WhatsApp da TikTok na "ga asalin magana kaza", da gaske ne ko shaci-faɗi? Don da zarar jarrabawar JAMB da WAEC ta matso sai kaga bidiyoyin nan sun cika waya, wani saurayi da farin allo yana zuba bayani kamar a gabansa aka yi, yara kuma suna ta haddacewa.

A gidanmu ma abun ya taɓa tada ƙura. Ƙanwata tana shirin intabiyu na neman gurbin karatu, malamar da ke koya mata Turanci ta intanet, wata Baturiya, ta turo mata saƙo da sassafe: "Break a leg!" Ita ta san ma'anar sarai, tsautsayi ne ya sa ta fassara wa Hajiyarmu kalma da kalma don ta ba ta dariya. Hajiya ta ajiye carbi ta ce, "Ki karya ƙafa? Bakinta ya sari ɗanyen kashi, aniyarta ta bi ta." Wallahi sai da muka kwashe kusan rabin awa muna lallashi, kuma har gobe in aka ambaci matar sai ta ce "au, wannan mai mugun bakin".

Menene ma idiom ɗin tukuna

Abin da Turawa ke kira idiom shi ne magana wadda in ka warware kalmominta ɗaya-ɗaya ba za su kai ka ga ma'anarta ba. Ba karin magana ba ne, duk da ana yawan haɗa su. Karin magana cikakkiyar jimla ce mai ɗauke da hikima, kamar "rigakafi ya fi magani", ita kuwa wannan guntuwa ce da ake sakawa cikin zance, mu ce salon magana ko adon magana.

Kuma kafin mu yi wa Bature dariya mu duba namu. Ka ɗauki Baturen da ya zo koyon Hausa ka ce masa an kama wani da cin hanci. Hancin wa ya ci? Ka ce masa ɓarawon ya ranta a na kare, ko an shafa wa liman kashin kaji, ko wane yana da ɗaurin gindi a gwamnati, ko yarinyar nan farin jini gare ta. Zai zauna yana kallonka kamar yadda Hajiya ta kalli ƙanwata. Abin lura a nan, mu da muke faɗinsu dare da rana yawancinmu ba mu taɓa tambayar wa ya fara cewa cin hanci ba, kuma hakan bai hana mu sanin inda ake saka shi ba. Haka Baturen Landan yake da nasa, direban tasi zai ce maka "raining cats and dogs" bai san ko daga ina ta fito ba, kuma bai damu ba.

Yadda masu bincike ke gano asali

Su ma suna da wani abu mai kama da isnadi. Ba sa karɓar labari don ya yi daɗi, tambayarsu ɗaya ce: a ina aka fara ganin maganar a rubuce, a wace shekara, kuma da wace ma'ana? Babban ƙamusun Oxford a kan wannan aka gina shi. An fara shawararsa a 1857, ba a kammala bugun farko ba sai 1928, kuma editansa James Murray ya dogara ne da 'yan sa-kai da ke karanta tsofaffin littattafai suna kwafo jimloli a kan 'yan takardu suna aiko masa ta gidan waya, miliyoyinsu. To in wani ya ce maka magana kaza ta samo asali a shekarun 1500, amma ba a ganta a rubuce ko sau ɗaya ba sai bayan shekara ɗari uku, kaga ai akwai lauje cikin naɗi.

Misalin da na fi so shi ne OK, wannan da ko kakata ta iya. An yi ta danganta ta da harsuna kala-kala, wasu suka ce daga Girkanci, wasu daga yaren Choctaw na 'yan asalin Amurka, wasu ma suka ce Wolof ne na Senegal bayi suka tafi da shi. Sai wani farfesa na jami'ar Columbia, Allen Walker Read, ya zauna ya bi tsofaffin jaridu a farkon shekarun 1960, ya tarar da ita a jaridar Boston Morning Post ta 23 ga Maris 1839. Ashe a lokacin yayi ake na taƙaita kalmomi tare da ɓata rubutunsu da gangan don raha, irin yadda yaranmu ke yi a chat yanzu, sai "all correct" ta koma "oll korrect", ta koma OK. Da ta mutu kamar sauran 'yan uwanta, sai siyasa ta cece ta: a zaɓen 1840 shugaban Amurka Martin Van Buren, ɗan garin Kinderhook, laƙabinsa Old Kinderhook, magoya bayansa suka mai da OK takensu. Ya faɗi zaɓen, kalmar ta ci duniya.

Waɗanda ke da takarda a hannu

Duk mai karanta jaridun Najeriya na Turanci ya gaji da ganin "Governor reads riot act". Gwamna ya karanta wa 'yan kwangila, kwamishinan 'yan sanda ya karanta wa 'yan daba, shugaban makaranta ya karanta wa malamai. A Hausa ja musu kunne ya yi, ko ya yi musu kashedi da kakkausar murya. To wannan ba ƙage ba ne, doka ce ta gaske ta majalisar Birtaniya wadda ta fara aiki a 1715, lokacin da sabon sarki George na Ɗaya ya hau mulki ƙasar na ta tarzoma. Dokar ta ce in mutum 12 ko fiye suka taru suna tada hankali, majistare zai fito ya karanta musu wata sanarwa da sunan sarki cewa su watse, daga nan suna da awa ɗaya, wanda aka samu a wurin bayan awar ya aikata laifin da hukuncinsa kisa ne. Ka yi tunanin mutum ɗaya, ba lasifika, yana karatu a gaban dubban fusatattun mutane. Abin da ya faru kenan a Manchester a watan Agustan 1819, inda mutum wajen dubu 60 suka taru neman 'yancin zaɓe, hukuma ta ce ta karanta, jama'a da yawa suka ce su ba su ji komai ba, mahaya dawaki suka afka musu da takubba, sama da mutum goma suka mutu, ɗaruruwa suka jikkata. An soke dokar a Ingila a 1967, amma a kanun labaranmu tana nan daram kamar jiya aka yi ta.

"Deadline" kuwa, wannan da manaja ke tsorata ka da ita, asalinta ya fi haka muni. A yaƙin basasar Amurka akwai sansanin fursunonin yaƙi a Andersonville ta jihar Jojiya, an buɗe shi a 1864, aka ja wani layi kimanin ƙafa 19 daga katanga ta ciki, duk fursunan da ya ƙetare masu gadi su harbe shi nan take. Layin mutuwa kenan, ba wani azanci. Mutum kusan dubu 45 aka tsare a wurin, kusan dubu 13 suka mutu, yawanci da yunwa da cuta. Sai bayan gomman shekaru 'yan jarida suka mai da kalmar ta zama wa'adin miƙa labari kafin a buga.

Akwai mai ban dariya kuma. A 1709 wani marubucin wasan kwaikwayo John Dennis ya ƙirƙiro sabuwar dabarar yin ƙarar tsawa a dandali saboda wasansa, wasan bai karɓu ba aka sauke shi, bayan ɗan lokaci ya shiga wannan gidan wasan kallon wasan Macbeth na Shakespeare sai kawai ya ji tsawarsa tana tashi. Ya miƙe yana bambami cewa sun ƙi wasansa amma sun sace masa tsawa. Daga nan "steal someone's thunder", wato kura da shan bugu gardi da kwashe kuɗi, ko a ce ka riga shi faɗin abin da ya shirya burge mutane da shi.

Rumbun Baibul da Shakespeare da tatsuniya

Wani babban kaso daga littattafai ya fito, kuma gaba-gaba shi ne Baibul, musamman fassarar Sarki James ta 1611 wadda Turawa suka shekara ɗaruruwa suna ji duk Lahadi. Ɗalibanmu da yawa suna amfani da waɗannan ba su san daga can suke ba.

Ɗauki "at the eleventh hour". Kusan duk wanda na tambaya ce min yake ƙarfe sha ɗayan dare ne, saura awa ɗaya rana ta ƙare. A'a. Daga Matiyu sura 20 take, labarin mai gonar inabi da ya ɗauki 'yan ƙwadago tun da asuba, ya ƙara ɗaukar wasu da hantsi, wasu da rana, wasu kuma a sa'a ta sha ɗaya, sannan ya biya kowa dinari ɗaya. Su a lissafinsu daga fitowar rana ake fara ƙirga awanni, don haka sa'a ta sha ɗaya wajen biyar na yamma ne, la'asar sakaliya, saura kaɗan a tashi daga gona. A ƙurarren lokaci dai.

"Scapegoat" William Tyndale ne ya ƙirƙire ta a fassararsa ta 1530, daga Littafin Firistoci sura 16, inda ake kawo bunsuru biyu a yanka ɗaya, ɗayan a ɗora masa zunuban jama'a a kora shi jeji. Mu sai mu ce an rataya masa jakar tsaba, ko an bar jaki ana dukan taiki. Shi kansa Tyndale bai wanye lafiya ba, a 1536 aka shaƙe shi aka ƙone gawarsa kusa da Brussels bisa zargin bidi'a. "By the skin of my teeth" daga littafin Ayuba take, haƙori dai ba shi da fata, shi ya sa take nufin da kyar da siɗin goshi. "The writing on the wall" kuma, wato alamar cewa ƙarshe ya zo, daga Daniyel sura 5 take, hannun da ya bayyana yana rubutu a bango ana tsakiyar shagalin sarki Belshazzar na Babila, a daren aka kashe shi.

Shakespeare ana ɗora masa fiye da abin da ya yi, da yawa a bakin mutane ya tsince su, shi dai ya sa suka yi suna. Amma "pound of flesh" tasa ce, daga The Merchant of Venice da wasunmu suka karanta a sakandare: Shylock ya ba da bashin dukat 3,000 da sharaɗin in ba a biya ba zai yanki tsokar Antonio, wanda ya tsaya wa bashin, a kotu aka ce masa bismillah yanki, amma yarjejeniya ba ta ambaci jini ba, ko ɗigo ya zuba ka shiga uku. 'Yan siyasarmu sun fi amfani da ita a ma'anar ramuwar gayya, asalinta kuwa nacewa ne a kan haƙƙinka ba tausayi ko da zai halaka wani.

"Lion's share" daga tatsuniyoyin Aesop na Girka take, kuma a nan ma ma'ana ta zame. Yau kaso mafi tsoka ake nufi. A tatsuniyar kuwa zaki ya fita farauta da abokai, aka raba nama huɗu, ya ɗauki na farko don shi ne sarki, ya kawo dalilin na biyu da na uku, na huɗu kuma ya ce wanda ya isa ya taɓa. Duka ya kwashe. Duk wanda ya taso da tatsuniyar zaki da kura da dila ya san irin wannan rabon.

Masu ƙamshin gaskiya amma da rauni

Nan ne aka fi samun rikici, don labarin ya faru da gaske amma ba shi ya haifi maganar ba. "Turn a blind eye", wato kau da kai, ana ba Admiral Nelson, kwamandan sojan ruwan Birtaniya, ita. Gaskiya ne a yaƙin Kopenhagen na 2 ga Afrilu 1801 shugabansa Hyde Parker ya ɗaga tutar umarnin a janye, kuma an ruwaito Nelson, wanda idonsa na dama ya mutu tun 1794 a Kosika, ya ɗora madubin hangen nesa a kan mataccen idon ya ce shi fa bai ga wata alama ba, ya ci gaba da yaƙi ya yi nasara. Labari mai daɗi. Matsalar ita ce an samu maganar a rubuce tun ƙarshen ƙarni na 17, shi kuwa Nelson a 1758 aka haife shi. Iyakaci ya ƙara mata farin jini.

Mu dawo kan ƙafar ƙanwata. "Break a leg" maganar 'yan wasan dandali ce, suna da camfin cewa yi wa mutum fatan sa'a ƙarara kafin ya hau dandali na jawo akasi, sai a faɗi mummuna don a kauce. Da na yi wa Hajiya wannan bayanin na tuna mata ai mu ma muna tsoron kambun baka, kuma matar da 'ya'yanta ke mutuwa takan sa wa jariri suna irin Ajuji don a nuna kamar ba a damu da shi ba, sai ta ɗan sassauto. Masu bidiyo suna cewa daga John Wilkes Booth ne, wanda ya harbe shugaban Amurka Lincoln a gidan wasan kwaikwayo a 1865 ya diro kan dandali ya karye a ƙafa, amma ba a ga maganar a bakin 'yan wasa ba sai cikin ƙarni na 20, tazarar ta yi yawa. Hasashen da ya fi ƙarfi shi ne daga Jamusanci ta zo, suna da "Hals- und Beinbruch", karayar wuya da ƙafa, ita ma fatan alheri ce, kuma ana kyautata zaton Jamusawa ne suka ji Yahudawa na cewa "hatslokhe un brokhe" a yarensu na Yiddish, wato nasara da albarka, kunnensu ya juya ta. In haka ne, wannan "brokhe" ɗin tushenta ɗaya da baraka ta Larabci, wadda ta ba mu albarka. Kenan Baturiyar nan ta yiwu albarka ta sa wa yarinyar ta doguwar hanya. Hajiya ta ce to ai da sai ta faɗa kai tsaye.

"White elephant" ma haka take. Gaskiya ne a Siyam, Tailan ta yau, farar giwa abar girmamawa ce, ta sarki ce, ba a sa ta aiki. Zancen cewa sarki kan ba bafaden da yake fushi da shi kyautarta don ciyar da ita ta talauta shi, wannan ya fi kama da almara. Ma'anar dai ta zauna: abu mai cin kuɗi ba amfani, shi ya sa jaridu ba sa gajiya da liƙa wa kamfanin ƙarfe na Ajaokuta da aka fara tun 1979.

Ƙagaggun da suka fi kowanne yawo

A 1999 wani saƙon imel ya zagaye duniya yana bayanin wai yadda rayuwa take a Ingila a shekarun 1500, kuma yawancin abin da kuke gani a TikTok yau jikokin wannan saƙon ne. Shi ya ce wai karnuka da maguna kan kwana a cikin jinkar ɗaki, in aka yi ruwa sai su zamo su faɗo. Dan Allah wanda ya taɓa zama a ɗakin jinka ya faɗa min yaushe ya ga kare a saman jinka, kuma dabbar da ke gudun ruwa ita ce za ta hau rufi? Abin da aka tabbatar shi ne marubuci Jonathan Swift ya rubuta maganar a 1738, kuma tun a 1710 ya yi wata waƙa yana siffanta yadda ruwan sama ke cika kwatocin Landan ya kwaso matattun 'yan kwikwiyo da maguna da sauran shara. Wanda ya ga abin da kwalbati ke amayarwa a Kano cikin Agusta zai gane hoton. Wasu na ganin daga nan ne, wasu na ganin kawai zuzutawa ce irin ta baki, kamar yadda muke cewa ruwa kamar da bakin ƙwarya. Su Turawan ma ba ruwan dabbobi kaɗai suke yi ba, a Wales tsofaffin mata da sanduna ake zubowa.

Saƙon nan ne kuma ya ce "saved by the bell" daga binne mutane da rai ne, wai ana ɗaura wa gawa igiya a hannu a haɗa da ƙararrawa a waje ko da za ta farfaɗo. An taɓa ƙera irin akwatunan a Turai a ƙarni na 19, wannan gaskiya ne, amma maganar daga damben Turawa ta fito a ƙarshen ƙarnin, ɗan dambe yana dab da zubewa sai a kaɗa ƙararrawar ƙarshen turmi ya sha da kyar.

"Rule of thumb" ta fi ban haushi don har masu digiri na yaɗa ta: wai dokar Ingila ce ta halatta wa miji dukan matarsa da sandar da ba ta wuce kaurin babban yatsansa ba. Ba a taɓa yin wannan dokar ba. Abin da ya faru, a 1782 an yi ta tsegumin wani alƙali Francis Buller ya faɗi haka, har mai zanen barkwanci James Gillray ya zana shi, amma maganar ta girmi alƙalin da kusan shekara ɗari, kuma ma'anarta awo ne na ƙiyasi da yatsa, irin namu na taƙi da kamu da gaba. Sai a shekarun 1970 aka ɗaura mata aure da dukan mata.

Me ya sa na ƙarya suka fi gudu? Don sun fi daɗin ba da labari. "Ba a tabbatar ba" ba ta tara like. Su kansu masu binciken har ba'a suke wa masu danganta kowace magana da jirgin ruwa, saboda Ingila ƙasar teku ce sai kowa ya ga ai komai daga matuƙa ya fito. Wasu kam daga can ɗin ne, kamar "slush fund", kitsen da kukun jirgi ke tarawa daga dafa nama ya sayar in an iso gaɓa, yau kuma asusun ɓoye na 'yan siyasa.

Namu na Najeriya, kuskure ne ko gyara?

Nan malaman Turanci sun rabu biyu. Bature cewa yake "cut your coat according to your cloth", mu muka mai da ita "according to your size". Shi yana cewa "more power to your elbow", mu muka ce "more grease". Ɓangare ɗaya na cewa kuskure ne ƙarara, kuma suna da hujja, don in ka duba, yadin da kake da shi ne ke iyakance rigarka, daidai ruwa daidai tsaki, girman jikinka ba ruwansa da aljihunka. Ɗaya ɓangaren na cewa harshe na masu magana da shi ne, in mutum miliyoyi sun shekara hamsin suna faɗin abu sun fahimci juna, to ya zama nasu, kuma ai "lion's share" ma zamewa ta yi ba wanda ya kira ta kuskure. Suna kafa hujja da cewa a Janairun 2020 ƙamusun Oxford da kansa ya shigar da kalmomin Najeriya 29, ciki har da Kannywood da okada da "next tomorrow".

Ni dai ina tare da na biyun a hira da rubutun gida, amma ba zan yaudari ɗalibi ba: mai duba takardar WAEC da mai IELTS, jarrabawar Turanci ta masu fita waje, na Bature suke bi, in ka rubuta "size" a inda ake neman "cloth" maki ya tafi, ba wanda zai saurari hujjarka ta Oxford.

Inda abin ke cizon mutane

Jarrabawa ba ta tambayar asali, ma'ana take tambaya, don haka yaron da ya kwana haddace labarin karnuka a jinka ya yi aikin baban giwa. Amma abin da ya fi jarrabawa haɗari shi ne rashin sanin muhalli. Ƙananan littattafan idioms ɗin nan da ake sayarwa a tasha da bakin makaranta za su rubuta maka "kick the bucket" daidai take da mutuwa, shikenan, ba za su gaya maka maganar ba'a ce ba, wadda tun 1785 take cikin ƙamusun zantukan 'yan tasha na Francis Grose. A wani ofis da na yi aiki, wani abokin aikinmu mahaifinsa ya rasu, ya zauna ya rubuta takardar neman hutu yana so ya nuna ya iya Turanci, ya rubuta "my beloved father has kicked the bucket". Allah ya sa ni ya fara nuna wa. Na ce masa Malam, abin da ka rubuta fa kamar ka ce mahaifinka ya sheƙa barzahu ne, ko ya ce ga garinku nan. Ya yi shiru, idonsa ya kawo ruwa, ya karɓi takardar ya yayyaga. Muka sake rubutawa da "passed away", wadda ita ce kusa da ya rasu ko ya riga mu gidan gaskiya.

Sai kuma ɓarnar da ke shigowa cikin Hausar kanta ta hanyar fassarar gaggawa. Yanzu sai ka ji a labarai wai wane yana zubar da hawayen kada, ko ƙwallo tana ɓangaren gwamnati, ko an fara ganin haske a ƙarshen rami. Tsohon da ke sauraron rediyo a ƙauye me zai gane da ƙwallo a nan? Ga kukan munafunci, ga dabara ta rage wa mai shiga rijiya, ga alamun sauƙi sun fara bayyana, duk suna zaune ba aikin yi. "Let the cat out of the bag" fasa ƙwai ne, "a pig in a poke" cinikin biri a sama ne, "caught red-handed" kuwa, wadda ta fito daga tsofaffin dokokin Sikotland na wanda aka kama da jini a hannu, mu dumu-dumu muke cewa.

Wacce ta fi yaudara ita ce mai kama da tamu amma ba ita ba ce. Wani ɗan kwangila da na sani ya yi wata uku yana bin kuɗinsa a hannun wani Bature injiniya, ranar da suka haɗu Baturen ya tsuke fuska ya ce ai an soke aikin, can sai ya fashe da dariya ya ce "I'm just pulling your leg", wato tsokanarka nake. Mutuminmu ya fassara a ransa da Hausa, jan ƙafa, sai ya juyo gare ni ya ce, "Ka ji ko? Da bakinsa ya amsa shi ne yake ja min ƙafa a kan kuɗina."